Hanyar da Na Bi Na Zama Injiniyan Kare Haɗari a Harkar Mai

Na karanta injiniyancin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma a wancan lokaci burin yawancinmu bai wuce samun gurbi a matatar mai ta Kaduna, ko a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke Fatakwal da Warri ba. Fannin kare haɗari bai shiga lissafina ba sai da na je koyon makamar aiki a wata masana'anta, inda aka haɗa ni da wani dattijon injiniya da ya daɗe a matatun mai. Shi ne ya rarrabe mini abubuwa biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai kula da ma'aikaci shi kaɗai, wato a tabbatar ya sa hular kwano da takalmi mai bakin ƙarfe, ya ɗaura igiya idan zai hau sama, bai tsaya ƙarƙashin kayan da ake ɗagawa ba. Akwai kuma kula da ita masana'antar kanta, wato a tabbatar man da ke cikin bututu da tanki ya zauna inda aka tsara masa, bai fito ya haɗu da iska da tartsatsi ba. Ya kafa mini hujja da matatar Texas City ta Amurka, inda fashewar ranar 23 ga Maris, 2005 ta kashe mutum 15 ta kuma jikkata kusan 180, alhali alƙaluman ƙananan raunuka na wurin suna nuna ana samun ci gaba, har shugabanni suka saki jiki da su. Ya ce wanda ya karanta abin da na karanta, ya san yadda zafi da matsi ke sauya halin sinadari, a ɓangare na biyu ya fi amfani, amma ba zai kai can ba sai ya ratsa ta na farko.

Bayan hidimar ƙasa na fara da kwasa-kwasan HSE, wato na kula da lafiya da kare haɗari da muhalli, mataki na ɗaya zuwa na uku, waɗanda kusan duk tallan aikin wannan fanni a Najeriya ke ambata. Na bi ta ISPON, cibiyar ƙwararrun masu kare haɗari wadda dokar 2014 ta ba hurumin tsara sana'ar. Kwasa-kwasan gajeru ne, kuma abin da suke ba mutum shi ne harsashi: yadda ake tantance haɗarin aiki kafin a fara shi, ire-iren gobara da abin da ke kashe kowace, da yadda ake rubuta rahoto idan wani abu ya faru. Takardar da ta fi nauyi a idon masu ɗaukar aiki ita ce ta NEBOSH, hukumar jarrabawa ta Birtaniya, kuma da yake da fam ɗin Ingila ake lissafin kuɗinta, duk lokacin da Naira ta faɗi sai ta ƙara yi wa ɗan talaka nisa. Ni sai da na fara aiki na yi tari kafin na iya biya. Haka nake ba duk mai tambaya shawara, domin jarrabawar tana da ɓangaren da ake so mutum ya duba ainihin wurin aiki ya rubuta abin da ya gani, kuma wanda bai taɓa shiga masana'anta ba haddar littafi kawai zai kwafo. Wanda bai yi digiri ba ma yana da hanya, domin Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun a Jihar Delta tana da sashen kare haɗari da muhalli. Darasi ɗaya daga karatun nan ya bi ni har yau, shi ne jerin matakan magance haɗari: a fara neman kawar da shi gaba ɗaya, in bai yiwu ba a musanya shi da abin da bai kai shi illa ba, sannan a killace shi da na'ura ko shinge, sannan a tsara yadda mutane za su yi aikin, kayan kariya na jiki kuwa su ne na ƙarshe.

Aikina na farko da wani kamfanin kwangila ne, a matsayin ƙaramin jami'i, a wani defon mai a Kudu. Kowace safiya ina tara ma'aikata na yi musu gajeren jawabi a kan aikin ranar, kuma ba a daɗe ba aka gane cewa Hausar da nake ji tana da amfani a wurin lodin tankoki, inda direbobi da yaran mota da yawa 'yan Arewa ne. An daɗe ana umartarsu da su maƙala wayar ƙasa a jikin mota kafin a fara zuba mai, amma ba a taɓa gaya musu dalili da harshen da suke ji ba. Da na bayyana musu cewa gudun fetur a cikin bututu yana tara wata irin wutar lantarki a jikin tankin, wadda in ba ta sami hanyar shiga ƙasa ba za ta iya yin tartsatsi daidai bakin da tururin mai ke fita, sai na ga su da kansu suna tunatar da juna.

Ainihin makarantata dai ita ce takardar izinin aiki, wadda kowa a defo ke kira famit. Ba a walda, ba a buɗe bututu, ba a shiga tanki, ba a haƙa rami sai da ita. A cikinta ake rubuta aikin da za a yi, da wurin, da abin da aka rufe domin mai ko wutar lantarki kada su iso wurin, da sakamakon gwajin iska, da lokacin da izinin zai ƙare, sannan mai kula da wurin da mai yin aikin su sa hannu. Ogana bai yarda na sa hannu a ko ɗaya ba sai da ya zaunar da ni muka bi labarin Piper Alpha daki-daki. Wannan dandamalin haƙar mai ne a Tekun Arewa, gabas da gaɓar Sukotlan, wanda ya ƙone a daren 6 ga Yuli, 1988, mutum 167 suka mutu. Akwai famfo biyu masu tura ruwan gas. Masu aikin rana sun cire bawul ɗin da ke sauke matsi na ɗaya daga cikinsu domin dubawa, suka rufe bakin bututun da faifan ƙarfe wanda ba a ɗaure shi tamau ba, kuma aikin bai ƙare ba har lokacin tashi ya yi. Da dare ɗaya famfon ya tsaya. Masu aikin dare suka ga takardar gyaran famfon farko, suka ga ba a kwance shi ba, amma ba su ga ɗaya takardar da ke cewa an cire bawul ba, domin a wani wuri daban take. Suka tayar da famfon, gas ya fito ta gefen faifan, ya kama. Famfunan kashe gobara kuwa an mayar da su sai an kunna da hannu saboda masu nutso da ke aiki a ƙarƙashin ruwa, sannan dandamalai biyu maƙwabta suka ci gaba da turo mai da gas cikin wutar. Rahoton alƙali Cullen, wanda ya jagoranci binciken haɗarin, ya fito a 1990 ɗauke da shawarwari 106. Abin da ogana yake so na ɗauka shi ne cewa kowa a wannan dare yana da takarda a hannu, amma takardun ba su haɗu da juna ba, kuma ba a yi cikakken bayani wajen miƙa aiki tsakanin masu rana da masu dare ba. Saboda haka ya kafa mini doka: kada na sa hannu daga ofis, sai na taka na je na ga kowane bawul da kowane kwaɗo da idona.

Ranar da wannan doka ta nuna mini amfaninta, wani tankin fetur ne aka kwashe domin a yi wa gindinsa walda. An rufe bawul-bawul an sa musu kwaɗo, an cusa faifan ƙarfe tsakanin manyan bututun shiga da fita, an wanke tankin, an kwashe laka, an bar injin hura iska yana aiki tun jiya. Na'urar gwajin da muke amfani da ita tana auna abu huɗu. Ana fara duba iskar shaƙa, wadda a sarari take kashi 20.9 cikin ɗari, kuma ba a barin mutum ya shiga idan ta gaza 19.5. Ita ake fara dubawa domin ɓangaren na'urar da ke gano tururin mai ba ya faɗin gaskiya idan iskar shaƙa ta yi ƙaranci. Sai tururi mai kama wuta, sai gubar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda idan ta yi yawa take kashe jin wari, har mutum ya zaci ta wuce alhali ƙaruwa ta yi, sai kuma gubar hayaƙi marar wari. Tururin fetur yana kama wuta idan ya kai kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na iska, kuma lambar da na'urar ke nunawa ita ce kashi nawa cikin ɗari na wannan iyaka aka kai. Ƙa'idar wurinmu ita ce ba a kunna wutar walda sai ta nuna sifili.

A bakin ƙofar tankin na'urar ta nuna sifili, haka ma a tsakiya. Amma tururin fetur ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya taru kamar yadda ruwan sama ke neman kwari, don haka na hau rufin tankin, na zura siririyar roba ta ƙaramin murfi har cikin ramin da ke gindi inda ragowar ruwa ke taruwa, na dakata har iskar ta gama hawowa ta robar. Lambar ta fara tashi, ta wuce 10, na'urar ta shiga kuka, ta tsaya a 14. Shugaban masu waldar dattijo ne ɗan Kano, ya riga ya shimfiɗa wayoyinsa, yaransa suna jira a rana. Ya ce mini, "Injiniya, tun kafin a haife ka nake walda a cikin tanki. Na leƙa, ban ji warin komai ba, kuma yau in ba mu yi aiki ba babu kuɗin yini." Na ce masa, "Baba, ban musa maka gogewa ba, amma abin yana can ƙasa inda hancinka bai kai ba, kuma daidai nan tartsatsin zai sauka. Ka zo mu hau ka gani." Ya hau, na sake zura robar a gabansa, ya tsura wa lambar ido har ta kai inda ta kai ɗazu, sannan ya juya ya ce wa yaransa su naɗe waya. An kai ruwa rana da wakilin kamfani, wanda ke duban kwanakin kwangila, amma ogana ya tsaya a bayana. Da muka bi zanen bututun layi-layi, sai muka tarar da wani siririn bututun magudana da ba a sa shi cikin jerin abubuwan rufewa ba, bawul ɗinsa a rufe yake amma yana ɗigo. Aka cusa masa faifai, aka ci gaba da hura iska, washegari ko'ina ya nuna sifili, aka yi walda ina tsaye ina maimaita gwajin lokaci-lokaci. Daga baya na nemi a riƙa biyan masu aikin yini idan an tsayar da aiki saboda haɗari, domin muddin tsayawa tana nufin kwana da yunwa, ma'aikaci zai ɓoye abin da ya gani.

Da kamfaninmu ya sami aiki a kan teku, sai aka tura ni horon BOSIET, wanda ba a hawa jirgi mai saukar ungulu zuwa dandamalin mai sai da shi, kuma ana sabunta shi duk shekara 4. Ana koyar da kashe gobara, da fita daga ɗaki mai hayaƙi, da hawa kwalekwalen ceto, da taimakon farko, amma abin da kowa ke tsoro shi ne gwajin nutsewar jirgi. Ana ɗaure mutum a kujera cikin wani akwati mai siffar jirgin, a saukar da shi cikin tafkin horo, a kifar da shi. An koya mana mu ɗora hannu ɗaya a taga, ɗaya a kan maɓallin bel, mu jira har juyawar ta tsaya, sannan mu ture tagar, mu kwance bel, mu ja jiki waje, kuma kada a hura rigar ceto sai an fita, domin in an hura ta a ciki za ta manna mutum a saman akwatin. Ni da na tashi ban saba da ruwa ba, lokacin da ya shiga hancina ina kife, hannun da ke kan tagar ne kaɗai ya nuna mini inda waje yake. Ina faɗin wannan ne saboda na san 'yan Arewa da suka janye daga neman aikin teku don ba su iya iyo ba, alhali akwai masu nutso a cikin tafkin, kuma bin matakan ake dubawa.

Shigata ɓangaren injiniyanci sosai ta zo ne lokacin da aka sa ni marubucin wani zaman HAZOP, a kan faɗaɗa wani defo. Wannan hanyar bincike kamfanin ICI na Birtaniya ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1960, kuma injiniya Trevor Kletz na cikin waɗanda suka yaɗa ta. Ana tara injiniyan da ya yi zanen, da mai kula da na'urorin awo, da mai gyara, da ma'aikacin da zai riƙa juya bawul ɗin da hannunsa, a shimfiɗa zanen bututu, a yanka shi gunduwa-gunduwa. A kowace gunduwa shugaban zaman yana jefo tambayoyi iri ɗaya: idan mai bai gudana ba fa, idan ya yi yawa, idan ya yi kaɗan, idan ya koma da baya, idan wani abu daban ya shigo? Kowace tambaya sai an faɗi abin da zai iya jawo ta, da abin da zai biyo baya, da kariyar da ke akwai, da abin da ya kamata a ƙara. Aikina shi ne rubuta duk wannan, kuma a wannan kujera na fahimci cewa ma'aikacin da ya yi shekaru yana aikin dare yakan san abin da zane bai nuna ba. Shi ne zai ce wannan ma'aunin yakan maƙale da damina, ko wancan bawul ɗin sai mutum biyu ke iya juya shi. Shugaban zama nagari shi ne wanda yake sa irin wannan mutum ya buɗe baki a gaban manyan injiniyoyi.

Mun fi daɗewa a kan tambayar cikar tanki har ya tumbatsa, kuma dalilin shi ne abin da ya faru a defon Buncefield na Ingila ranar 11 ga Disamba, 2005. Ana tura fetur cikin wani tanki da dare, ma'aunin da ke nuna cikarsa ya maƙale, na'ura ta biyu da ya kamata ta tsayar da turowar ita ma ba ta yi aiki ba, domin hannun gwajinta yana buƙatar kwaɗo ya riƙe shi a daidai, kuma ba a sa kwaɗon ba. Fetur ya yi ta kwarara ta saman tankin, tururinsa ya mamaye filin, ya fashe da asuba. Ba a rasa rai ba, amma fiye da mutum 40 sun jikkata, wutar kuma ta yi kwanaki tana ci. A zanenmu an nuna ma'auni da na'urar tsayarwa, amma da muka bi wayoyinsu sai muka ga duka biyun ta hanya ɗaya suke aika saƙo, wato abin da ya kashe ɗaya zai kashe ɗayar. Muka rubuta a raba su, a kuma sa lokacin gwada na'urar tsayarwa a jadawalin gyara. Rubuta shawara shi ne mai sauƙin. Na ga rahotanni masu kauri da aka ajiye a kabad ba a aiwatar da rabinsu ba, saboda haka nake ganin injiniyan da bai bi shawararsa har ya ga an ɗaura na'urar an gwada ta a gabansa ba, bai gama aikinsa ba.

A tsakiyar wannan tafiya dokokin ƙasa suka sauya. Na fara aiki lokacin da hukumar DPR ce ke sa ido a kan harkar mai, sai Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta maye gurbinta da hukumomi biyu: NUPRC mai kula da haƙo mai, da NMDPRA mai kula da tacewa, da jigila, da ajiya, da sayarwa. Dole mai wannan sana'a ya san wace ce ke da iko a kan wurin da yake aiki. Na kuma yi rajista da COREN, majalisar da ke tantance injiniyoyi, bayan na gabatar da rahoton ayyukan da na yi aka kuma yi mini tambayoyi a kansu.

Yanzu na dawo Arewa, kuma aikin yana nan fiye da yadda matasanmu ke zato. Akwai aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, akwai matatar mai a Damagaram da ke aiki tun 2011, ga masana'antun taki da siminti, ga tashoshin cika tukunyar gas da ke ƙaruwa a cikin unguwanni. Gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, wadda ta ci fiye da mutum 150, tururin nan ne dai mai bin ƙasa da na auna a gindin tanki, sai dai a can babu wanda ke riƙe da na'ura, mutane kuma sun taru a kansa. Mafi yawan abin da nake yi a yau duba tashoshin gas ne kafin a buɗe su. Ina auna tazarar tanki da katanga da gidajen maƙwabta, ina duba ko bawul ɗin gaggawa yana rufewa daga nesa, ko akwai ruwan sanyaya tanki, da inda gas zai gangara idan ya tsere. A wata tasha da na duba kwanan baya komai ya yi daidai, sai wata kwata da ta taso daga gefen tankin ta bi ta ƙarƙashin katanga, ta ɓulla kusa da inda wata baiwar Allah ke tuyar ƙosai. Na kai mai tashar wurin, na ce masa, "Alhaji, in gas ya zuba, ta nan zai bi ya iske wutar can." Ya yi shiru yana duban kwatar, sannan ya tambayi nawa gyaran zai ci. An toshe ta, an karkatar da ruwan ta wani gefen, aka ƙara na'urar gano gas a ƙasa kusa da tankin, kuma sai da na koma na gwada ta na sa hannu a rahoton.